Zaren da Ya Rage a Bakin Hansai

A garin Kwarin Tama an yi wani keken ɗinki baƙi, mai zanen ruwan zinariya a wuya, wanda ya shafe shekara ashirin da wani abu bai ɗinka ko hular jariri ba, amma babu keken da ya kai shi suna a ƙasar. Da shi ake tafiya cikin zamani a shirin talabijin ɗin nan da ake kira Keken Zamani. In an taka shi gaba a faɗa gobe, in an taka shi baya a koma jiya. Mai hawansa kuwa Lurwanu ne, kuma da sunansa na yanka yake fitowa, don ya ce bai ga dalilin da zai sha wahala sunan aro ya kwashe farin jinin ba.

Kowace Asabar bayan la'asar Lurwanu yana kare duniya daga Mutanen Warwara, waɗansu halittu da ke saukowa daga bayan taurari suna warware mutane da kwanaki kamar tsohuwar hular saƙa. A gaskiya ma'aikatan gidan talabijin ne ake kifa wa buhun gero a ka, a ɗaura musu tsinken tsire a yatsu. Kowa ya san haka. Har ana gane direban gidan a cikinsu, don yana ɗan ɗingishi. Amma wannan bai hana a rufe shaguna ba in lokaci ya yi. Waɗanda suka fara kallon shirin a goye sun girma, sun goya nasu, ana ta kallo.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli shirin ba, ita ce mai keken, Hansai, mahaifiyar Lurwanu. Keken gadonta ne daga wata kakarta da ba wanda ya san inda ta samo shi. Lurwanu ya are shi da sunan mako guda, makon bai cika ba har yau. Shi ne ɗanta na fari, Hansai kuwa mutuniyar dā ce ta gaske, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zauna musu a ƙashi. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba. "Wannan yaron" take cewa, in ta matsu ta ce "kai". Ko wani Lurwanun daban ta haɗu da shi a hanya, sai dai ta ce masa "mai sunan yaron nan".

Ranar Asabar in matar Lurwanu, Bara'atu, ta fito da talabijin tsakar gida, maƙwabta suka cika tabarmi, sai Hansai ta ja kujerarta ta tsuguno ta juya wa akwatin baya, ta ɗauki faifai tana tsintar wake. Wai ita ba ruwanta. Amma akwai Asabar ɗin da Mutanen Warwara suka kama Lurwanu suka ɗaure, ta zuba tsakuwar a tukunya ta watsa wa kaji waken.

Shi kuma, da furfura a gemu, bai daina tsokanarta ba. Sai ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, duk ƙasar nan ba bakin da bai kira ni ba sai naki. Ko sau ɗaya ne ki faɗa in ji yadda yake."

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, marar ta-ido. Da girmanka."

Yakan yi dariya ya tashi. Amma abin yana ci masa rai, ita ma ta sani.

Wata Asabar aka sanar cewa shirin ranar kai tsaye za a nuno shi. Gida ya cika har soro. Hansai tana tsintar wakenta, tana jin ƙarar keken, tana jin muryar yaron yana cika baki yadda ya saba. Sai ta ji tsakar gidan ya yi tsit. Irin shirun da ko jariri bai yi motsi ba. Ba ta san lokacin da ta waiwaya ba.

Abin da ta gani ya daskarar da ita. Bangon da ke bayan Lurwanu ya yage daga sama har ƙasa, waɗansu dogayen abubuwa suna ratsowa ta ɓarakar. Waɗannan ba buhu a kansu, ba mai ɗingishi a cikinsu. Inda fuska ya kamata ta kasance sumul yake, yatsunsu kuwa allurai ne zalla, dogaye. Ɗaya ya miƙa hannu ya taɓa babban yatsan ƙafar Lurwanu, ya ja. Sai ga ƙafar tana warwarewa, tana zama zare. Daga ƙafa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙugu. Lurwanu ya dubi jikinsa, ya dubi kyamara da baki buɗe. Kafin Hansai ta ajiye faifai ba sauran kowa a kan kujerar keken.

A daidai lokacin ta ga wani siririn zare yana fita daga bakin kowa a tsakar gidan, yara da manya, yana tashi sama. Aka ɗauke hoton, aka sa wani mutum yana bayani a kan takin zamani.

Maƙwabta suka dubi juna. Wata ta ce, "Mu kuwa me ya tara mu a nan, taki muka zo kallo?" Aka yi dariya, kowa ya naɗe tabarmarsa.

Hansai ta kama hannun Bara'atu. Ta ce, "Ke, ba ki ga abin da ya sami mijinki ba?"

Bara'atu ta ce, "Wane miji kuma, Inna?"

"Wannan yaron."

"Wane yaro? Inna, ko kanki ke ciwo?"

Hansai ta faɗa ɗakinsa. Hoton aurensu yana rataye, Bara'atu ce kaɗai a ciki tana murmushi a gefen fili. Babu takalmansa a bakin ƙofa. Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta, don ta gane duk duniya ita kaɗai ta san an taɓa yin mutumin nan. Ta buɗe tsohuwar adakarta, ta tona har ƙasa. Majanyin da ta goya shi da shi yana nan, inda ta ɓoye shi kada a ce ta cika rashin kunya. Ta cusa shi a ƙugu, ta ƙulle sauran waken a bakin zane ba tare da ta san dalili ba, ta yafa mayafi ta fita.

A gidan talabijin maigadi ya rantse mata bai taɓa jin wani Keken Zamani ba, sai dai akwai wani tsohon keke a ɗakin tarkace, in nata ne ta ɗauka ta rage musu kaya. Ta same shi tsakanin karyayyun kujeru. Ta zauna, ta shimfiɗa majanyin a ƙarƙashin allura, ta yi bisimilla, ta taka baya.

Ɗakin ya naɗe kamar tabarma. Keken ya ɗauke ta a kan wani zare guda da aka miƙe cikin sarari, ba ƙasa ba sama, yana gudu. Asabar ta wuce ta gefenta, Juma'a ta bi, damina ta koma bazara. Ta ga matattu suna tashi daga makara suna komawa ɗaki. Ta rufe ido tana salati, ba ta buɗe ba sai da keken ya tsaya.

Wata kasuwa ce mai faɗin da ido ba ya kaiwa ƙarshe, kuma ba a sayar da komai a cikinta sai kwanakin da suka wuce. An rarrataye su a igiya kamar atamfa. Ga ranar bikin wani, ga ranar da wani ya yi ɓatan kai, kowace tana motsi da mutanenta a ciki. Aljanu masu ƙafar jimina suna ɗagawa suna dubawa. A tsakiyar kasuwar wata tsohuwa ce zaune a kan tulin auduga, tsayinta a zaune ya kai rimi, idanunta maɓallai ne guda biyu.

Hansai ta yi sallama. Tsohuwar ta amsa da cikakkiyar amsa, sannan ta ce, "Ni ce Magajiya Shekaranjiya, mai tsaron abin da ya wuce. Ya ke 'yar Adam mai sauran numfashi, me ya kawo ki inda sai an gama da rana ake kawo ta?"

"Ranki ya daɗe, wani yaro nake nema."

"Yara suna da yawa. Wane ne shi a gare ki?"

Hansai ta sunkuyar da kai. "Na gidanmu ne."

Magajiya ta miƙa hannu ta sauko da wata rana daga igiya, ta shimfiɗa. Hansai ta gane ta nan take: ranar suna ce, ga rago, ga wanzami, ga ita kanta yarinya ɗanya a ƙuryar ɗaki ta rufe fuska. Amma a hannun ungozoma babu jariri. Rami ne kawai, daidai girman jariri, kamar asu ya ci. Magajiya ta sauko da wata, da wata. Kowace da raminta, ramin yana girma har ya kai girman namiji. Hansai ta zauna a ƙasa ba shiri.

Magajiya ta ce, "Ki saurara, don ba na maimaita magana. Kowane ɗan Adam ɗinke yake a jikin duniya da zaren bakin masu kiran sunansa. Wanda ya taɓa faɗin sunan, bakin zarensa yana waje, ja ɗaya ake yi ya zare. Ɗanki ya yi shekara da shekaru yana taka keken nan babu ƙyalle a ƙarƙashinsa. Allurar ba ta sami abin soka ba, sai ta yi ta sokar sama har ta ɓarke. Mutanen Warwara suka leƙo, suka tarar da mutumin da sunansa ke kowane baki. Sun zare duka. Saura ɗaya, wanda bai taɓa fitowa ba, yana ƙulle a ƙirjinki. Shi kaɗai ke riƙe da shi yanzu."

Hansai ta dafa ƙirji. Ta ce, "To yaya zan yi?"

"Ki taka gaba har ki wuce gobe, ki isa birninsu. In kin gan shi da idonki, ki kira sunansa. Zaren zai fito, ki zura shi a allura, ki ɗinke ɗanki. Amma in sunan ya kuɓuce miki a hanya, kafin ki gan shi, za su cafke zaren, shi ke nan an gama. Za su yi ƙoƙari su sa ki faɗa. Jarumai sun faɗi a wannan jarrabawa."

Hansai ta ce, "In dai wannan ce jarrabawar, ranki ya daɗe, na daɗe ina cinta."

Magajiya ta yi kamar za ta ƙara wata magana, sai ta haɗiye ta. Ta juyar da maɓallan idanunta gefe ta ce, "Ki sauka lafiya."

Hansai ta hau, ta taka gaba. Ba ta yi nisa ba keken ya tsaya da kansa a wani tsakar gida da ta sani, gidan aurenta na fari. Rana tsaka, ba kowa. Sai ga wani yaro ɗan tatata, da ɗan kamfai da laya a wuya, yana tafiya tangal-tangal wajen rijiya, rijiyar kuwa a buɗe. Shi ne. Har tabon ƙunar da ke ƙafarsa. Ya ɗora ciki a bakin rijiyar, ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Ihun ya taso mata tun daga cibiya, ya fito da ƙarfi: "Kai! Dawo nan!"

Yaron ya tsaya cak a yadda yake. Ya juyo a hankali, fuskarsa sumul, ba ido ba baki. Ya miƙe, ya yi ta miƙewa har ya wuce katanga, allurai suna fitowa daga yatsunsa. Wata murya ta fito daga cikinsa ta ce, "Mun yi wa uwaye dubu wannan a duniyoyi dabam-dabam, babu wadda ba ta kira suna ba. Wace irin uwa ce ke?"

Hansai, tana haki, ta ce, "Irin ta garinmu."

Ta taka keken da duk ƙarfinta. Gidan ya yage ya wuce.

Daga nan zaren hanyar ya ratsa ta saman gobe. Ta leƙa ƙasa ta ga Kwarin Tama, ta so a ce ba ta leƙa ba. Katangu sun zama tulin zare. Mutane suna zaune a bakin hanya, ba mai gaida wani, don ba wanda ya san sunan wani. Wata mata tana riƙe da jariri tana jujjuya shi, tana kallonsa kamar tsintarsa ta yi. Mutanen Warwara suna yawo a tsakaninsu, suna jan wanda suka ga dama. Hansai ta gane cewa da yaron nata aka fara, ba da shi za a ƙare ba.

Tana cikin wannan sai sama ta yi duhu da tsuntsaye. Bakunansu almakasai ne, suna tafe suna ƙyas-ƙyas. Suka sauka a kan zaren hanyar, gabanta da bayanta, suka fara yanka. Keken ya soma lilo. Ta kore su da mayafi, ɗaya ya tsarge mata hannu har jini. Can ta tuna ƙullin da ke bakin zanenta. Ta kwance, ta watsa waken cikin sarari, ta yi musu irin kiran da take yi wa kajinta. Ashe tsuntsu ko na wace duniya ne tsuntsu ne. Suka bar zaren suka bi wake, suna faɗa da juna. Ta wuce a kan silin da ya rage, tana jin yana tsinkewa a bayanta.

Birnin Warwara ba gini a cikinsa. Mazarai ne tsaitsaye, kowane ya fi hasumiya, kowane an naɗe shi da zaren wata al'umma da aka gama da ita. Ba kuka, ba kiran salla, ba ko tari. Keken ya kai ta har tsakiyar fada ya tsaya. Dubban marasa fuska suka kewaye ta. A gabansu wani ne wanda alluransa suka fi na kowa tsawo, suna jan ƙasa.

Ta yi sallama. Ba wanda ya amsa. Duk da tsoron da ke cikinta sai da abin ya ɓata mata rai.

Babban ya ce, "Ni ne Tsinkau, sarkin waɗanda ba a haifa ba kuma ba a raɗa wa suna ba, sai ni da na ƙwaci nawa. Barka da isowa, ya ke ma'abuciyar ƙulli. Kin tsayar da rundunar da taurari ba su tsayar ba, kuma ba da takobi ba. Dubi abin da kika zo nema."

Ya matsa gefe. A jikin wani ƙaramin mazari aka naɗe Lurwanu. Babu abin da ya rage nasa sai fuska, tana reto a kan sili ɗaya, silin kuwa ya miƙo ya shige ƙirjin Hansai. Idanunsa suka buɗe. Ya ce, "Inna? Ke ce a nan?"

Ta kawar da kai yadda ta saba, hawaye suna zuba.

Tsinkau ya ce, "Magajiya ta gaya miki ki kira shi, ki ɗinke shi. Gaskiya ta faɗa, amma rabinta. Zaren da ya fita ba ya komawa. In kika kira shi, ko mu cafke zaren ya hallaka, ko ki riga mu ki ɗinke shi ya koma duniya, kowa ya tuna shi. Kowa ban da ke. Cikinsa da kika ɗauka, da goyonsa, da duk ranar da kika yi da shi, da su za ki yi ɗinkin. Za ki gan shi ki tambaya ko ɗan wane gida ne. Ga shawara mafi sauƙi. Ki koma da ƙullinki. Ki riƙe ɗanki a zuci, cikakke, har ranar da za ki mutu. Mu masu haƙuri ne, za mu jira."

Yanzu Hansai ta gane abin da Magajiya ta haɗiye.

Lurwanu ya ce, "Inna, kada ki faɗa. Don Allah kada ki faɗa. Na yafe. Wasa nake yi duk shekarun nan, ba na so in ji."

Ta share fuska da gefen mayafi. Ta ja keken ta matsa kusa da mazarin, ta kamo bakin zaren jikinsa ta kwantar a kan majanyin, ta sauke ƙafar keke ta danne. Marasa fuska suka matso, allurai a miƙe, suna jiran ihun da za ta yi su cafke. Sannan, karo na farko tun yana cikin tsumma, ta dube shi ido cikin ido.

Ta ce, "Ka san wannan majanyin? Naka ne. Ban yar ba. Kuma shirin nan naka, babu Asabar ɗin da ban ji ba. Ranar da suka ɗaure ka ban ci abinci ba. Shirin da ka koma zamanin kakanka ka kasa hawa jaki, sai da na shiga ɗaki na toshe baki da zane na yi dariya. Ka iya. Tun kana ƙarami ka iya. Na faɗa maka yanzu, don anjima ba zan san na faɗa ba. Kai ka riƙe mana."

"Inna..."

"Yi mini shiru, marar ta-ido."

Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Shekara hamsin harshe yana kauce wa kalma, ba ya miƙewa don an shiga uku. Ga kuma taron baƙi sun zuba mata na mujiya, ko da yake ba su da idon. Kunya ta rufe ta, irin ta ranar suna. Sai ta yi abin da ta yi a ranar: ta ja mayafinta ta lulluɓe kanta gaba ɗaya, har da kan keken. A cikin lulluɓin, bakinta dab da kafar allura, ta faɗa a hankali, yadda ko shi da kyar ya ji.

"Lurwanu."

Zaren ya fito ja wur, mai kauri, ya shige kafar allurar kai tsaye. Mutanen Warwara suna can suna jiran abin da za su gani a sarari. Kafin Tsinkau ya fizge mayafin, ƙafarta ta riga ta taka.

Keken da ya shekara ashirin yana sokar iska ya sami abin ɗinki. Mazarin ya shiga juyawa da baya. Wuya ya dawo, kafaɗu suka dawo, ƙirji, hannaye. Allurar tana tafiya, ranaku suna fita daga kan Hansai ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya fara tafiya ta fita. Ranar kaciyarsa ta bi. Tana jin suna tafiya, tana kuka, ba ta ɗaga ƙafa ba. Tsinkau ya yi wata ƙara, ya kai mata allurai, amma ɗinkin ya riga ya kama bakin ɓarakar sama yana haɗewa, birnin yana naɗewa da mazaransa da sarkinsa. Daga ƙarshe ta ga tana kuka ba ta san dalili ba, sai ta daina. Ta kai ƙarshen majanyin, ta yi ƙulli, ta ciji zaren ta tsinke, kamar yadda kowane tela ke yi.

Masu kallo a Kwarin Tama ba su ga komai ba sai ɗan tsalle da hoton ya yi. Sai ga Lurwanu a tsaye, ga wata tsohuwa a kan keken da jini a hannu, tana dube-dube. Aka yi ta tafi, aka ce shirin bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Ita kuwa ta dubi mutumin da ke durƙushe gabanta yana kuka ta ce, "Bawan Allah, lafiya? Ko za ka taimaka ka nuna mini hanyar gida?"

An yi magani, an yi rubutu, an yi addu'a. Bara'atu ta zaunar da ita ta nuna mata hotuna, 'ya'yan Hansai mata suka zo suka rantse mata. Sai ta saurara da kyau ta ce to, in an jima maganar ta zame, ba ta zauna ba. A wurinta Lurwanu mijin Bara'atu ne, wani mutumin kirki da ke zaune a gidan. Tana son shi ƙwarai. Kullum da safe ta ce, "Lurwanu, an tashi lafiya? Lurwanu, ka karya kuwa?" Sunan yana fita daga bakinta sau goma kafin azahar, ba nauyi ba komai. Duk sanda ta faɗa sai ya ji kamar an soke shi.

Bai sake hawa keken ba, ya dawo mata da shi. Gidan talabijin suka shiga maimaita tsofaffin shirye-shirye. Ranar Asabar Hansai ta ja kujerarta har gaban akwatin, ta zauna a sahun farko ta fuskance shi, ba faifai ba wake. Aka sa shirin da Lurwanu ya kasa hawa jaki. Ta yi dariya a fili har da riƙe ciki. Ta juyo ta same shi zaune a gefen tabarma.

Ta ce, "Kai, Lurwanu, ka iya abin nan. Mahaifiyarka kuwa tana kallo?"

Ya ce, "Ba ta kallo, Inna. In an fara, baya take juyawa."

Hansai ta yi murmushi ta gyaɗa kai. "Ɗan fari ne kai ke nan."

"Ɗan fari ne."

Ta ce, "To kada ka sa a ranka, ɗan nan. Tana ji."

Ta mai da fuskarta ga talabijin.